Daddawar Turawa a Falon Umma

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, Bajamushe ne daga wani ƙauye kusa da birnin Shututgat, yankin da Jamusawa da kansu suke yi wa mutanensa ba'ar tsumulmula. Ya shekara fiye da talatin a Kano, ya musulunta, yana cin tuwo da miyar kuka da hannu, amma akwai abu biyu na ƙasarsu da ya ƙi rabuwa da su: agogo da kabeji. Idan aka sa ɗaurin aure ƙarfe goma, goma saura kwata yana ƙofar gidan, daga shi sai yaran da ke shimfiɗa tabarmi.

Kowace shekara da hunturu ya kama, sai ya je kasuwar 'Yan Kaba ya sayo kabejin Jos, ya yanka shi siriri, ya auna gishiri giram 20 a kan kowane kilo da wani sikeli da ba wanda ya isa ya taɓa, sannan ya danna shi a cikin wata tukunya mai kwarmi a baki, ya zuba ruwa a kwarmin, ya rufe, ya bar shi mako huɗu har ya yi tsami. Shi yana kiransa Sauerkraut, Umma kuwa daddawar Turawa take ce masa.

Bara kewarsa ta dame ni, na ce sai na raya wannan gado. Tukunyar ta daɗe da fashewa, don haka na samo wata ƙatuwar roba, na ɗaure murfinta tamau. Ban san cewa kwarmin nan shi ke barin iskar tsamin ta fita ba, kuma ban tsaya na tambayi kaina dalilin da ya sa Baba yake jiran sanyi ba. Ni a watan Afrilu na yi nawa, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40. Da yake falon Umma ya fi ko'ina sanyi, sai na tura robar bayan doguwar kujera, na manta da ita.

Kwana shida bayan haka dangin mai neman auren ƙanwata suka kawo gaisuwa. An ɗaga hannu ana addu'a ke nan sai aka ji wata ƙara kamar ta bindigar toka. Wani ya yi salati ya ce tukunyar gas ce, wani ya fita ba takalmi, kawun yaron kuwa ya zauna daram, kabeji na sauka a hankali daga hularsa zuwa wuyan farar shaddarsa. Warin ba ya faɗuwa. Dattijon nan, saboda kawaici, ya share fuska ya ce, "Hajiya, hala ɓera ne ya mutu a silin?"

Da baƙi suka tafi, na durƙusa ina goge bango, na ce wa Umma ni dai so na yi mu sake ɗanɗana abin da muka saba ci tare da Baba.

Ta dube ni ta ce, "Mu wa? Shi kaɗai yake ci. Nawa rabon, awaki nake zuba wa idan ya fita masallaci, su ma sai sun ga ba dusa suke kusantarsa."