Akori-kurarmu da wasiƙar da ba ta zuwa

A nan Faransa, idan kamfani ya gano lahani a motar da ya ƙera, har gida wasiƙa ke samun mai ita: kawo a gyara maka, ko sisi ba za ka biya ba. A Garwa ta arewacin Kamaru kuwa, akori-kura ta shekara ashirin tana jigilar auduga da buhunan masara, kuma babu mai sanar da direbanta komai. Ta fito daga Turai, ta sauka a Duwala, ta ratsa hannu huɗu ko biyar. Adireshin da kamfani ya sani na wani Bature ne da ya manta da ita tuni.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jakar iskar kamfanin Takata, wadda ke cikin sitiyari don ta kare direba idan an yi karo. Sinadarin da ke hura ta yana lalacewa idan ya daɗe cikin zafi da laima. Ranar da ta tashi, sai gwangwanin da sinadarin ke ciki ya tarwatse, ƙarfe ya yi wa mutum feshi a fuska da wuya. Kamfanin ya durƙushe a 2017, amma kayansa na nan cikin miliyoyin motoci, har da wasu Toyota Hilux. A 2018 Ford ya ce wa masu wasu Ranger ƙirar 2006 a Amurka su daina tuƙa su gaba ɗaya, bayan mutum biyu sun rasu. Ko a Faransa, yawancin waɗanda abin ya kashe mazauna tsibiranta masu zafi ne, irin su Gwadalub. To ina ga motar da ta sha ranar Afrilu a Marwa, ta sha damina a bakin Binuwai?

Kanikawanmu gwanaye ne, Allah ya sani, da jin ƙarar inji suke gane ciwonsa. Amma wannan lahani ba ya ƙara, ba ya ɗiga mai.

Ni a ganina nauyin yana kan masu shigo da motocin da kuma wuraren gwajin lafiyar mota. Bai kamata a buga wa irin wannan mota hatimi ba a duba ba. Kafin nan, ɗan'uwa, lambar shasi tana jikin takardar motarka, haruffa da lambobi 17. Ka sa yaro ya shigar da ita a shafin intanet na kamfanin da ya ƙera motar, ka ga ko an taɓa kiran motar gyara, tun kafin ka biya dillali.