Wa ke kan jadawalin bayan shekara biyu?

Na karanta wani rubutu kan rage ƙiba, inda marubucin ya ce duk wanda bai bi rubutaccen jadawalin abinci ba, ba zai rage ƙiba ba. Anya kuwa? A 2018 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun fitar da sakamakon gwajin shekara guda da mutum 609. Wasu sun rage maiƙo, wasu sun rage sitaci da sukari, kuma ba a ɗora wa kowa ƙidayar kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, ba. An dai ce su yawaita ganye, su rage abincin da aka sarrafa a masana'anta. Ɓangarorin biyu sun sauke kilo 5 zuwa 6 a matsakaici, bambancin bai taka kara ya karya ba. Marubucin ya tsallake wannan binciken. Ba na musu, jadawali na taimakon mai ciwon suga da likita ke bibiya. Sai dai mai takura wa kansa da yawa, ranar da ya karya doka sau ɗaya sai ya ce ai an riga an ɓata, ya ci har ya wuce na da. Kai kuma ɗan'uwa da ka yi sharhi a kan rubutun cewa kowa ya ci abin da ransa ke so, sassauci ma da iyakarsa: muddin abin da ke shiga ciki ya fi wanda jiki ke ƙonawa, ƙiba na nan daram. Malam marubuci, cikin waɗanda ka ce jadawalin ya yi musu aiki, mutum nawa ne ke kansa bayan shekara biyu?