Shugaban da ya ɓoye ciwonsa, da mu masu tafa masa

Sau huɗu aka turo mini bidiyon nan cikin mako guda. Na farko a zauren WhatsApp na 'yan unguwarmu ta Agege, na biyu daga wani ƙanena da ke harkar canji a Broad Street, sauran biyun ban ma tsaya duba mai turowa ba. Ɗan guntu ne, wani ya yi masa fassarar Hausa a ƙasa. Shugaban ƙasa ya fito cikin ruwan sama ba laima, an miƙa masa rigar ruwa ya ƙi, ya shiga zauren 'yan jarida jiƙe sharkaf, aka tambaye shi ko zai sake tsayawa takara, sai ya zuba hannuwa a aljihu, ya kau da kai, ya yi murmushi, kiɗa na tashi. A ƙasan bidiyon kuwa jama'armu ce ke ta zuba yabo. Wai ga shugaba. Wai Allah ya ba mu irinsa a 2027. Ni dai wannan addu'a ban ce mata amin ba.

An yanko guntun ne daga The West Wing, wasan kwaikwayon siyasar Amurka da tashar NBC ta nuna daga 1999 zuwa 2006. Kashi na ƙarshe ne a zango na biyu, mai suna Two Cathedrals, wanda aka haska ranar 16 ga Mayun 2001. Aaron Sorkin ne ya rubuta, Martin Sheen ya fito a matsayin Shugaba Bartlet. Masu sharhin talabijin na can sun daɗe suna jera shi cikin mafi kyawun abin da aka taɓa yi, kuma ta fuskar gwaninta ba ni da ja. Gwanintar ce ma ta sa nake tsoronsa.

Mai yanka bidiyon bai gaya wa kowa dalilin taron 'yan jaridar ba. Bartlet yana fama da ciwon da likitoci ke taƙaita sunansa da MS, wanda garkuwar jikin mutum ke juyowa ta riƙa cin rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Ciwo ne mai lafawa ya taso ba sallama, ya taɓa gani, ya taɓa tafiya, wani lokaci har tunani. Ya san yana da shi tun kafin ya nemi ƙuri'a. Matarsa likita ce, ita ke yi masa allura a ɗaka. Ya yi kamfe, ya ci zaɓe, ya sha rantsuwa, ya shafe fiye da shekara biyu a kan kujera bai ce wa masu zaɓe uffan ba, sai da ya ga rufin ba zai ɗore ba. Wannan shi ne mutumin da ake roƙon Allah ya ba mu irinsa.

Ku duba yadda marubucin ya wanke shi. Ya san mai kallo zai iya jin haushi, saboda haka a kashin da ya gabata ya kashe dattijuwar sakatariyar shugaban, wadda ta san shi tun yana ɗan makaranta. Wani bugagge ya buge ta ranar da ta ɗauko sabuwar motarta. Wannan kashi kuma aka ɗora shi a kan jana'izarta. Aka mayar da mu ƙuruciyarsa muka ga mahaifinsa, shugaban makaranta, yana tsinka masa mari. Aka rufe masa babban cocin Washington shi kaɗai, ya tsaya yana jayayya da Ubangiji da Turanci da Latin, wa'iyazu billahi, yana lissafa alherin da ya yi wa ƙasa, ya kunna taba ya take ta a daɓen cocin. Kafin a kai ƙarshe, wanda ya yi wa ƙasa rufa-rufa ya koma maraya abin tausayi, kai kuma ka manta wa aka cuta. Tabarmar kunya ce aka naɗe da hauka, sai dai haukan mai tsada ne, da kyamara mai kyau.

A cikin wannan jayayya ya amsa cewa ya yi ƙarya, kuma zunubi ne. Amma ina ya amsa? A cocin da dogarai suka kulle, ba mai ji. Da ya isa gaban 'yan jarida kuwa, muƙarrabansa sun riga sun shirya masa ya fara kiran wakilin da ke bin labaran lafiya, don su sami sararin kauce wa batun takara. Ya tsallake shi ya kira wata, ita kuma ta yi tambayar tazarce. Wasan ya nuna mana wannan a matsayin jarumta. Ku sake kallo da idon wanda ya taɓa kaɗa ƙuri'a: mutumin da ya ɓoye ciwo ya zo ranar wanka, aka ce ba a ɓoyon cibi, shi kuwa ya tsallake tambayar ciwon ya koma maganar ƙarin wa'adi. Nan aka rufe labule, muka tafa.

Da aka turo guntun cocin daga baya, wasu a zauren sun tsaya kan cewa saɓo ne a goge. Wannan malamai sun ishe mu, ba shi ya zaunar da ni rubutu ba.

Abin da ya zaunar da ni shi ne mu ne muke tafin. Ba Ba'amurke ba, mu. Mu da a watan Maris na 2007 aka ɗauki ɗan takararmu, Umaru Musa 'Yar'adua, zuwa Jamus ana tsakiyar kamfe, har Obasanjo ya kira shi a waya a kan dandamali yana tambayarsa ko ya mutu, taro na shewa. Mu da ranar 23 ga Nuwamban 2009 aka fita da Malam Umaru Musa 'Yar'adua, Allah ya jiƙansa, zuwa asibiti a Jidda ba tare da an aika wa majalisa takardar miƙa mulki ga mataimaki da sashe na 145 na tsarin mulki ya ambata ba. Ƙasa ta zauna ba a san mai riƙe da ita ba. A ƙarshen Disamba alƙalin alƙalai mai barin gado, Idris Kutigi, shi ya rantsar da magajinsa, saboda babu shugaban ƙasa a gida. Ranar 12 ga Janairun 2010 muka taru a gindin rediyo muna kasa kunne ga 'yar gajeriyar hirar da BBC ta yi da Malam Umaru ta waya, muna auna ƙarfin muryarsa kamar masu duba. Da wannan hira majalisa ta kafa hujja ranar 9 ga Fabrairu ta ɗora Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashi, da wata dabara da aka kira ta larura. Ranar 24 ga watan aka shigo da Malam Umaru Abuja cikin dare. Ranar 5 ga Mayu ya rasu, ba mu ƙara ganin fuskarsa ba.

Wanda ya zauna a Legas a waɗancan watanni ya san abin da muka sha. A danfo, a Mile 12, a bakin shagon mai shayi a Obalende, da an ga hula sai a tambaye ka ina kuka kai shugaban ƙasa, kamar a ɗakinka yake kwance. An yi zanga-zanga a Abuja da nan Legas, mu kuma muna ta kame-kame, muna kare abin da mu ma ba a gaya mana ba. Malam Umaru mutum ne da na daɗe ina girmamawa; shi ne ya fito ya ce zaɓen da ya kawo shi yana da aibu. Rufa-rufar da aka yi da sunansa ba ta ƙara masa komai ba, ta mayar da jinyar bawan Allah abin caca.

Kuma ba a daddara ba. A 2017 marigayi Buhari, Allah ya gafarta masa, ya yi fiye da kwana ɗari a Landan a tafiya guda. Shi ya aika takarda, Osinbajo ya riƙe, wannan a yaba masa; amma har ya sauka ba a gaya wa 'yan ƙasa abin da ke damunsa ba. Taraba ta ga nata bayan haɗarin jirgin Gwamna Danbaba Suntai a 2012, Ondo ta ga nata a 2023 da Gwamna Akeredolu. Kowane karo salon ɗaya ne: hoto daga nesa, sanarwar cewa yana samun sauƙi, da zagin duk wanda ya yi tambaya.

Abin takaicin, wasan da kansa yana da kashin da ya dace da mu, amma ba mai turo shi. Makonni kaɗan kafin na ruwan saman, akwai wanda aka sa wa suna 17 People, adadin waɗanda suka san sirrin ke nan. A nan ne aka kira Toby Ziegler, daraktan yaɗa labaran fadar, aka gaya masa gaskiya cikin dare. Bai yi kuka ba, bai ce Allah ya ƙara lafiya ya tashi ba. Ya tambayi ubangidansa ido da ido: daren da aka harbe ka, kana kwance an sa maka maganin barci, ba ka sa hannu a takardar miƙa mulki ba, wa ke mulkin ƙasar? Wa ya zaɓe shi? Har ya kira abin juyin mulki. Shugaban ya fusata, don ya so a tausaya masa ne. Duk ɗan Najeriyar da ya kai shekara talatin da biyar ya san wannan tambaya, don ita ce Dora Akunyili, tana ministar yaɗa labarai, ta kai gaban majalisar ministoci a rubuce a farkon Fabrairun 2010, abokan aikinta suka yi mata ca. Ba a yi mata kiɗa ba, ba ruwan sama. Ita ma Allah ya yi mata rasuwa, kuma ban ga mai roƙon a ba mu irinta a 2027 ba.

Wani dattijo a zauren, dillalin shanu ne a Oko-Oba, ya ja mini kunne a gefe. Ya ce, Malam, ciwo ai sirrin mutum ne, mu Hausawa da rufin asiri aka san mu, kuma lafiya ta Allah ce, mai ƙoshin lafiya ma yakan faɗi. Na ce, ranka ya daɗe, gaskiya ne, amma in ka sayar mini da sa kana sane da cewa yana da ciwon huhu ba ka faɗa ba, me shari'a ta ce? Ya ce a dawo masa da kayansa. To ƙuri'a ciniki ce, ta shekara huɗu, kuma ba a dawo da kaya. Hadisin da muke karanta wa masu awo, na mai abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa ya ɗora busasshe a sama, bai ce ban da masu neman mulki ba. Rufin asiri na maƙwabcinka ne da ba ya neman komai a wurinka. Wanda ya ce ka ba shi sojoji da baitulmali da alƙalamin sa hannu a kan rayuwar mutum fiye da miliyan 200, ya sayar da wannan sirri tun ranar da ya sayi fom. Direban BRT ma ba za ka yarda ya ɓoye maka cewa idonsa na ɗaukewa ba, a kan gadar Third Mainland.

Masu cewa wasa ne kawai, a bar mutane su huta, su fara gaya wa masu addu'ar 2027. Masu cewa Kannywood ta je ta koyi irin wannan rubutu kuwa, in dai abin da za ta koyo shi ne yadda ake sa jama'a su yi wa mai laifi kuka, gara ta tsaya kan soyayyarta. Mawaƙan siyasarmu sun riga Sorkin ƙwarewa a wannan fanni, kuma su ba sa buƙatar coci. 'Yan bokonmu da ke ganin duk abin da ya fito daga Washington darasi ne su tuna 27 ga Yunin 2024, daren da Amurkawa suka ga Joe Biden a muhawara suka gane abin da muƙarrabansa suka daɗe suna musantawa. Cikin ƙasa da wata guda ya janye. Su ma ruwan da suka ja ya doke su.

Daga baya a wasan majalisa ta tsawata wa Bartlet a rubuce, ya karɓa, ya sake tsayawa, ya lashe zaɓe da rata. Marubuci ne ke riƙe da ciwon, shi ke cewa ya taso ko ya lafa, kuma ba ya barinsa ya taso sai lokacin da zai ƙara wa jarumin kwarjini. Ciwon gaske ba ya karanta rubutun kowa.

An gyara sashe na 145 a 2010, aka ce in shugaba ya yi kwana 21 bai aika takarda ba majalisa ta ɗora mataimaki. Madalla. Amma sashe na 144, wanda zai sa likitoci biyar su duba shi, ba ya motsi sai kashi biyu cikin uku na majalisar ministoci sun yarda, wato mutanen da shi ya naɗa su kuma shi zai iya korarsu gobe. Kura ce aka ba ajiyar nama. A cire wannan daga hannunsu. Duk mai neman shugaban ƙasa ko gwamna kuma ya ajiye sakamakon gwajin likitocin da ba shi ke biyansu ba, yadda ake sa shi ajiye takardar makaranta. 'Yan jaridarmu su riƙa yin tambayar a fili, ko da za a ce ba su da kunya.

Na nemo guntun Toby na tura zauren, na yi masa 'yar fassara da hannuna. Mutum biyu suka ce sun buɗe. Can bayan isha'i Alhajin Oko-Oba ya aiko da saƙon murya: "Malam, wannan ai surutu ne kawai. Ina mai ruwan saman?"