Wai 'yata ba ta da kan lissafi

Wallahi yau raina ya ɓaci ba kaɗan ba. 'Yata ta dawo daga makaranta ta wurgar da jaka a tsakar gida, ko hijabi ba ta cire ba ta ce "Baba ni dai a fitar da ni daga ajin kimiyya, ba ni da kan lissafi." Na ce inji wa? Ashe malaminsu ne ya fito da ita gaban allo, ta yi kuskuren alama ɗaya tak, ya ce mata daƙiƙiya a gaban aji, yara suka kwashe da dariya, ya ƙara da wai ke da aure za ki yi me ya kawo ki nan.

Yarinyar nan fa ita ke riƙe wa uwarta cinikin awara a ƙofar gida nan Tudun Wada, mutum biyar su tsaya a kanta kowa da kuɗinsa ta ba kowa canjinsa ba biro ba takarda, ribar kwanon waken suya ta fi ni saninta, amma yau bakin mutum ɗaya ya sa ta yarda cewa kanta ba ya ja. Haba malam! Haka aka yi mana a zamaninmu da bulala, har yau in na ga x da y gabana faɗuwa yake, na ɗauka abin ya wuce ashe yana nan.

Kuma wace kimiyyar ma ake koya musu? Duk zango sai mun biya kuɗin firaktikal, amma ɗakin gwaji kullum da kwaɗo, kayan aunawa a allo ake zana musu da alli su kwafe, sai WAEC ta matso a buɗe a kaɗe ƙura. Yaron da bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba ta yaya zai ji shi ma ɗan kimiyya ne?

A Zariya fa muke, ABU na Samaru tun 1962, jiragen makarantar koyon tuƙin jirgin sama kullum suna shawagi a kanmu yara na ɗaga kai. Farfesa Iya Abubakar da ya shugabanci ABU daga 1975 zuwa 1978 malamin lissafi ne. Tun 1732 wani malamin Katsina, Muhammad al-Kashinawi, ya yi littafi kan hatimin lambobi, wanda ta duk inda ka tara jimla ɗaya za ka samu. Ko sau ɗaya an taɓa gaya wa yaranmu wannan a aji?

Na ce mata ba inda za ki, ko kin sauya aji yawancin kwas a jami'a sai da kiredit a lissafi. Litinin da sassafe ina ofishin shugaban makarantar da rasit ɗina na zango uku, a buɗe mini ɗakin gwajin nan in gani da idona, a kuma kira mini malamin ya maimaita maganar a gabana.