Ɗan wata takwas ma ɗa ne

Duk wanda ya zauna a zauren nan shekaranjiya ya ce kada a ɓata kuɗin motar kai jaririya asibiti, wai ɗan da aka haifa a wata takwas ba ya zama, to ya ji tsoron Allah. Mutanen ƙauyenmu na ƙasar Ringim kun san gidan, ba sai na kama suna ba. Kwana biyu jaririyar nan tana kwance cikin zani ɗaya a wannan hunturun, ta kasa kama nono, manya na shiga suna fita suna ba uwar haƙuri, wai da bakwaini ce da an sa rai. Haƙurin me, alhali yarinya tana numfashi?

Kada wanda ya ce mini na raina maganar tsofaffi. A cinyar kakata Inna na girma, kuma babu haihuwar da aka yi a gidanmu da ban haddace labarinta ba. Babanmu da riga ya zo duniya, shi ya sa har ya tsufa Mairiga ake kiransa. Muna da Hassana da Usaina, muna da Gambonsu, muna yara ko hararar su ba ma yi don kada su turo mana kunama. Ina son labaran nan har cikin raina.

Amma ku saurari na baffana, bakwainin gidanmu. Inna ta ce da aka haife shi tafin hannunta biyu ya ishe shi kwanciya. Ta naɗe shi da auduga, ta rufe ɗaki, kaskon garwashi bai mutu ba dare da rana. Ana tatso nonon uwar ana ɗiga masa a baki kaɗan-kaɗan. Ta hana kowa shiga sai ungozoma. Haka ta yi har aka yi arba'in. Yau jikokinsa sun cika gida. Da ikon Allah ya rayu, kuma sababin shi ne an tsaya a kansa. Bakwaini ana sa masa rai, sai a kula da shi. Ɗan wata takwas ana yanke ƙauna tun ranar farko, sai a bar shi da sanyi da yunwa, in ya rasu a ce ai dama an faɗa. Mu ne muke gaskata maganar da sakacinmu.

Ku tambayi kowace ma'aikaciyar jinya: wata guda da ɗa ya ƙara a ciki ƙarfi yake ƙara masa, huhunsa ya fi na bakwaini nuna. Ko kafin a kai ga kwalbar asibiti, uwa ta ɗora shi a ƙirjinta fata da fata, a ɗaure da zani, ɗumin jikinta ya riƙe shi. Tun 1978 likitoci a ƙasar Kolombiya suka fara wannan, kuma ko sisi ba ya ci.

Masu cewa kwana ne, na ji. Wa ya nuna muku ranar da nata kwanan zai ƙare? Ƙanin uwar ya sayar da akuyarsa ya ɗauko mota, Allah ya saka masa da alheri. Yanzu suna asibiti, ku sa su a addu'a.

Ni har yau rigar Baba nake nema. Inna ta busar da ita ta ƙulle a tsumma cikin ƙasan tukunyarta, na gan ta sau ɗaya, kamar busasshiyar fatar albasa. Da aka raba kayanta ba a gan ta ba. 'Yan uwa, in tana wajen wani a cikinku, don Allah ya kira ni.