Don Allah ku daina ɗora wa kwamfutocin gida Windows Server

Makon jiya ƙanwata ta zo gidana a Unguwar Rimi, Kaduna, da laftof ɗinta a cikin jaka, idanunta sun yi ja. Tana ajin ƙarshe, tana rubuta aikin kammala karatu. Ta ce, “Yaya, na'urar nan ta kama cuta. Duk bayan awa ɗaya sai ta mutu da kanta, ko da caji cike. Jiya shafi huɗu na rasa.” Na kunna, na duba ƙasan allo ta hannun dama, sai ga rubutu yana cewa lasisi ya ƙare. Ba cuta ba ce, ba batiri ba ne. Mai gyaran da ta kai wa wata shida da suka wuce ya ɗora mata Windows Server 2022 Datacenter, na gwaji, ya ce mata wannan shi ne Windows mafi ƙarfi, irin na bankuna.

Abin ya tsaya mini a rai, domin ba ita ce ta farko ba. Na gwajin nan Microsoft ke bayar da shi kyauta na kwana 180 don ma'aikatan kamfanoni su jarraba. Idan wa'adin ya cika, na'urar ta riƙa kashe kanta duk awa. Haka aka tsara shi. Mai gyaran ya karɓi kuɗinsa tun tuni, yarinya ce ta kwana tana kuka.

Ra'ayina a fili yake: manhajar saba, wato irin su Windows Server, ba babbar yayar Windows ɗin gida ba ce. Aikinta daban. Tukunyar biki ce, wadda ake girka ta a kan murhu a dafa wa mutum ɗari uku. Wanda ya ɗauke ta don dafa shayin mutum biyu bai ƙara wa shayin daɗi ba, itace kawai zai ƙona. An gina saba don ta zauna a ɗaki mai sanyi, dare da rana, tana amsa buƙatun ɗaruruwan kwamfutoci: ta riƙe fayiloli, ta tantance masu shiga, ta ɗauki shafukan intanet. Hatta yadda take rabon lokacin furosesa, ayyukan bayan fage take fifitawa a kan abin da kake taɓawa a gabanka.

Windows Server iri-iri ne, akwai Standard, akwai Datacenter. Masu cewa Datacenter ya fi Standard gudu, ina so su nuna mini a ina. A kan laftof mai RAM giga 8, ba bambancin ko daƙiƙa ɗaya. Babban abin da ya raba su lasisi ne. Standard ya ba ka damar tayar da kwamfutocin cikin kwamfuta guda biyu masu Windows Server, Datacenter bai sa iyaka ba, sannan yana da wasu dabarun haɗa ma'ajiyar bayanai tsakanin saba da yawa. Akwai kuma Essentials, na ƙananan ofisoshi, wanda bai wuce mutum 25 da na'ura 50 ba. Kuɗin fa? Lasisin Standard na 2022 ya haura dala 1,000, na Datacenter ya haura dala 6,000, kuma mafi ƙarancin abin da ake saya na ƙwayar furosesa 16 ne. Ku lissafa da naira. Duk wanda ya ɗora maka shi a kan naira dubu biyar, ko dai na gwaji ne ko na sata, ba na uku.

Sai kuma wahalhalun yau da gobe, waɗanda ƙanwata ta yi ta haƙuri da su tana zaton haka kwamfuta take. A Server 2019 da 2022 sauti a kashe yake zuwa, sai ka shiga ka tayar da shi. Wi-Fi ba ya aiki sai ka girka masa wani sashe na musamman. Babu Microsoft Store. Belun kunnenta na Bluetooth ya ƙi haɗuwa, ta ɗauka ya lalace, ta ba ƙaninmu. Duk lokacin da za ta kashe na'ura sai wani akwati ya fito yana tambayar dalili, domin a ɗakin saba kashe na'ura babban lamari ne da ake rubutawa. Manhajojin riga-kafi na kyauta da yawa suna ƙin sauka da zarar sun gane saba ce, su ce sai ka sayi na kamfani. Wasu direbobin katin intanet na kwamfutocin gida, wato manhajojin da ke sa katin ya yi aiki, ma haka suke ƙi. Kuma akwai tarko tun wajen girkawa: zaɓin farko a jerin shi ne wanda ba shi da fuskar tebur kwata-kwata, baƙin allo da rubutu kawai. Idan ka danna shi bisa kuskure, tun daga na 2016 ba a juyawa, sai dai a goge a sake.

Zan yi adalci. Server 2025, wanda ya fito a Nuwamba 2024, ya gyara wasu daga cikin waɗannan, yana zuwa da Wi-Fi da Bluetooth, fuskarsa irin ta Windows 11. Kuma na san abin da ke jan mutane. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 yana neman TPM 2.0, wani sashen tsaro a cikin na'ura, da furosesan Intel zubi na takwas zuwa sama. Ku zagaya shagunan kwamfuta a kan titin Ahmadu Bello ku gani, yawancin 'yan gwanjon da talaka ke iya saya zubi na huɗu ne zuwa na bakwai. Na'urori ne masu lafiya, an dai rufe musu ƙofa. Shi kuwa Server 2022 za a ci gaba da aiko masa da gyaran tsaro har Oktoba 2031, ba talla, ba tarkacen wasanni, ba a tilasta maka buɗe asusun Microsoft. Wannan hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amma ta wanda ya biya lasisi ce kuma ya san abin da yake yi. Ba ta ɗalibar da ke son ta buga rubutu ta shiga aji ta Zoom ba ce.

A ɓangaren Linux, manhajar da ake ɗorawa a madadin Windows, maganar ma ta fi sauƙi. Ubuntu Server da Ubuntu Desktop uwa ɗaya uba ɗaya suke, zuciyarsu guda, rumbun manhajarsu guda, duka kyauta. Na saba dai ba shi da fuskar tebur. Ina ganin samari suna sauke na saba, sannan su ƙona data wajen ɗora masa tebur, su ƙare da abin da Desktop zai ba su tun farko, ga matsalar haɗin intanet a kai. Wahala ce ba lada.

To me na yi wa ƙanwata? Na kwashe fayilolinta a filashi, na ɗora mata Linux Mint mai fuskar tebur ta Xfce, wanda aka gina a kan Ubuntu 24.04, mai tallafi har 2029. Sauti ya tashi nan take, Wi-Fi ya kama, ta karɓo belun kunnenta daga wurin ƙaninmu ya haɗu. Rubutunta ya buɗe a LibreOffice, madadin Microsoft Office, sai 'yan teburori biyu da muka daidaita. Na gaya mata gaskiya, idan malaminta ya dage sai wata manhajar da Windows kaɗai take bi, za mu nemi wata hanya. Wanda na'urarsa ta cika sharuɗɗa kuwa, Windows 11 Home ya ishe shi, Pro idan yana son BitLocker mai kulle bayanan faifai da Hyper-V mai tayar da kwamfuta cikin kwamfuta.

Ga masu koyon aikin saba, irin 'yan Kaduna Polytechnic da Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) da ke tambayata, ban ce ku guje ta ba. Ku koya sosai, akwai abinci a ciki. Amma ku sauke VirtualBox, manhajar tayar da kwamfuta cikin kwamfuta, kyauta ne, ku ɗora na gwajin a cikinsa. Ku kafa Active Directory, tsarin kula da asusun masu shiga, ku ɓata, ku goge, ku sake. Kwana 180 ɗin don ku aka yi shi. Idan kuna da tsohuwar kwamfutar tebur a ajiye, ku sa mata Ubuntu Server ko Debian ta riƙe hotuna da takardun gida, amma ku fara tanadar mata UPS ko inbata, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubuta bayanai na lalata faifai, kuma ƙurar hunturu na toshe fanka.

'Yan'uwana masu gyara, da ku nake musamman. Mutumin da ya miƙo maka na'urarsa bai san bambancin Standard da Datacenter ba, amana ya ba ka. Ka tambaye shi aikin da yake yi da ita kafin ka zura filashi. Gobe in sha Allahu zan raka ƙanwata shagon nan, ba don faɗa ba. Ina so in nuna wa mai gyaran hoton rubutun da na ɗauka a ƙasan allon, in tambaye shi mutum nawa ya ɗora wa wannan tun daga lokacin, don a kira su tun kwanakinsu ba su cika ba.