Gadar da ke tsakanin Fisk da Vanderbilt

Jama'a, akwai wani tsari na ilimi a Amurka da ya daɗe yana burge ni, yau dai bari in yi magana a kansa.

A birnin Nashville na jihar Tennessee akwai jami'o'i biyu maƙwabtan juna. Fisk ta baƙaƙen fata ce, an kafa ta a 1866 bayan yaƙin basasa domin karantar da bayin da aka 'yanta. Vanderbilt kuwa ta masu hannu da shuni ce, ga manyan ɗakunan gwaje-gwaje, kuma sai a 1953 ta karɓi ɗalibi baƙar fata na farko. A 2004 malaman ɓangarorin biyu, ciki har da masanin taurari Keivan Stassun, suka ƙulla wani shiri da suka kira gada. Ɗalibi zai yi digirinsa na biyu a Fisk, amma tun yana can yana ɗaukar darussa a Vanderbilt, yana bincike tare da farfesoshinta. Kafin ya nemi gurbin digirin digirgir, an riga an san shi, an ga aikin hannunsa.

Wannan sanin shi ne ya fi kama min hankali. Da yawa muna zaton ƙarancin baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka a kimiyya da injiniyanci matsalar kuɗin makaranta ce kawai. Kuɗi na da muhimmanci, babu musu. Sai dai yaron da babu wanda ya taɓa zama masanin kimiyya a danginsu, wa zai gaya masa yadda ake tunkarar farfesa? Wa zai rubuta masa takardar shaida mai nauyi? In ya faɗi jarrabawa ɗaya a lissafi, wa zai zaunar da shi ya ce masa kowa ma ya taɓa faɗuwa? A nan ake rasa su, ɗaya bayan ɗaya, shiru babu wanda ya lura. Masu shirin gadar sun ƙi dogara da makin jarrabawar shiga kaɗai. Suna zama da ɗalibi su ji wahalar da ya sha da yadda ya jure mata.

Ga kuma shaida. Jedidah Isler ta wannan gada ta bi, a 2014 ta zama baƙar fata mace ta farko da ta samu digirin digirgir a kimiyyar taurari daga jami'ar Yale.

Ba sabon abu ba ne ma. Tun 1969 kwalejojin baƙaƙen fata na Atlanta, irin su Morehouse da Spelman, suke da yarjejeniya da jami'ar fasaha ta Georgia Tech: shekara uku a kwalejin, biyu a Georgia Tech, ɗalibi ya fita da digiri biyu, ɗaya na injiniya.

Abin da ba na so shi ne a ɗauki lamarin kamar babbar jami'a ce ke ba ƙarama sadaka. Wallahi ba haka ba ne. Fisk da Spelman sun iya abin da manyan ba su iya ba, wato renon ɗalibi har ya yarda cewa shi ma wurinsa ne. Babba ta kawo na'urori, ƙarama ta kawo tarbiyya. Duk haɗin gwiwar da aka raina ɓangare ɗaya a cikinta, ba za ta wuce bikin sa hannu da ɗaukar hoto ba.

A watan Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta hana jami'o'i la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, kuma tun lokacin nake jin tsoron kada shugabannin jami'o'i su fake da hukuncin su janye jiki daga irin waɗannan shirye-shirye. Hukuncin bai hana farfesa a Vanderbilt buɗe wa ɗalibin Fisk ƙofar ɗakin bincikensa ba.